Yadda Ake Tantance Maganin Gargajiyar Sin Kafin a Ba Tsoho Mai Ciwon Damuwa

Bayan rasuwar mijinta, Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta daina cin abinci sai an matsa mata, barci ya ƙaurace mata, biki da suna duk ta yanke ƙafa. A lokacin ina zuwa birnin Gwanzu na ƙasar Sin saro kaya, sai na sayo mata wani garin magani da ake jiƙawa a ruwan zafi, Gan Mai Da Zao, haɗin da Sinawa suka gada daga likita Zhang Zhongjing kusan shekara 1,800 da suka wuce. Abu uku ne a ciki: alkama, 'ya'yan wani itace ɗan'uwan magarya, da wata saiwa mai zaƙi da ake kira gan cao. Na ce a raina, me zai cutar a nan? Sati huɗu bayan haka Gwaggo ta kasa miƙewa daga sujada. Tun daga nan na ga gidaje da dama suna maimaita kuskurena, shi ya sa na rubuta yadda nake bi yanzu.

Mataki na farko, a tabbatar damuwar ce. Tsoho ya yi shiru, ya rame, yana mantuwa, wannan na iya zama ciwon damuwa, yana kuma iya zama ƙarancin jini, ko raunin maƙoƙo, ko farkon ruɗewar tsufa, ko ɗan shanyewar jiki da ba a lura da shi ba. Likita ne zai bambance. Idan kuwa tsohon ya fara cewa "gara in mutu in huta", ko ya ƙi ci da sha gaba ɗaya, ba maganar ganye ba ce kuma, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a ranar.

Na biyu, ka san abin da ke cikin kwalin. Ka ɗora kyamarar wayarka a kan rubutun Sinancin ta fassara, ka kwafe sunan kowane ganye a takarda. Maganin gargajiya da hukumar Sin ta amince da shi yana ɗauke da lambar rajista: haruffan Sinanci huɗu, sai harafin Z, sai lambobi takwas. Idan a Najeriya ka saya, ka nemi lambar NAFDAC, amma ka sani lambar da ta ƙare da harafin L ba shaidar cewa maganin yana warkarwa ba ce. Ni dokata ita ce: ƙullin leda ko kwalba marar jerin sinadarai ba ya shiga gidanmu, ko kyauta ne. An sha gano ƙwayar barci ta asibiti a ɓoye cikin irin waɗannan haɗe-haɗen, tsoho ya sha ya yi ta gyangyaɗi, ya faɗi a banɗaki ya karya ƙugu.

Akwai sunayen da in ka gan su sai ka mayar da kwalin. Zhu sha jan dutse ne mai zaiba a ciki, kuma a magungunan barci da kwantar da hankali ake yawan sa shi, irin su Zhu Sha An Shen Wan. He shou wu yana taɓa hanta. Ma huang yana ɗaga hawan jini da bugun zuciya, Amurka ta hana sayar da shi a matsayin ƙarin abinci a 2004. Guan mu tong da guang fang ji kuwa ƙoda suke kashewa. A farkon shekarun 1990 mata sama da 100 a Beljiyam suka kamu da ciwon ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba da aka musanya wa saiwa ɗaya da guang fang ji saboda kamannin suna. Sin da kanta ta hana guan mu tong a 2003.

Na uku shi ne inda na faɗi, kuma a nan nake so ka daɗe. Ka tattaro duk abin da tsohon yake sha a leda guda: na asibiti, na kemis, jiƙo, tsimi, har ƙwayar ciwon gwiwa da maƙwabciya ta ba shi. Kada ka tsaya a tambaya. Na tambayi Gwaggo ko tana shan wani magani, ta ce, "A'a ɗan nan, sai dai na hawan jinin nan." A wurinta wannan ba magani ba ne, ya zama kamar koko da safe. Da muka ɗaga katifarta daga baya, kala biyar muka samu.

Ɗaya daga cikinsu maganin sa fitsari ne, wanda dama yana zubar da sinadarin potasiyam daga jiki. Saiwar gan cao, wadda Larabawa ke kira irƙus-sus, ita ma haka take yi: tana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, ya zubar da potasiyam. Da suka haɗu, ƙafafun Gwaggo suka kumbura har silifas ya bar shaida a bayan ƙafarta, jininta ya hau duk da maganin da take sha, cinyoyinta suka mutu. Saboda garin yana da zaƙi, ta mayar da shi shayi, kofi uku a rana. Likitan da ya duba gwajin jinin ya dube ni ya ce, "Alhaji, me kuka ƙara mata a 'yan kwanakin nan?" Da ace tana shan digoxin na zuciya, da abin ya fi haka muni, domin ƙarancin potasiyam yana mayar da shi guba. Kuma gan cao yana cikin haɗe-haɗen Sin da yawa ƙwarai, har da Xiao Yao San, sanannen haɗi wajen damuwa da aka gada tun zamanin daular Song ta Sin. Kada ka ɗauka canja kwali ya raba ka da shi.

Xiao Yao San ɗin yana kuma da saiwar dang gui a ciki. Ita da wata saiwa mai suna dan shen suna ƙara wa warfarin ƙarfi, wato maganin tsinka jini da ake ba masu ciwon zuciya. Alamar ita ce haɓo, jini a dasashi, ko baƙin bayan gida.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kafson Shugan Jieyu. Magani ne na gaske, hukumar magunguna ta Sin ta amince da shi a 2008 don damuwa marar tsanani, amma a cikinsa akwai ganyen da Turawa ke kira St John's wort. Wannan ganye yana zaburar da hanta ta riƙa kawar da wasu magunguna da wuri, sai ƙarfinsu ya ragu a jini: warfarin, digoxin, wasu magungunan hawan jini irin su nifedipine, da magungunan ƙanjamau. Idan kuma tsohon yana shan maganin damuwa na asibiti, kamar fluoxetine, sertraline ko amitriptyline, ko yana shan tramadol saboda ciwon gaɓoɓi, haɗuwarsu na iya jawo karkarwa, gumi, zazzaɓi, gudawa da ruɗewa, abin da kan kai mutum gadon gaggawa. Kada a haɗa su, kada kuma a tsayar da na asibiti dare ɗaya don a koma ganye. Fluoxetine yakan ɗauki kusan sati biyar kafin ya bar jiki.

Ka ɗauki ledar nan da takardar sunayen ka kai wa likita ko ƙwararren mai haɗa magunguna, ba yaron da ke tsaron kemis ba. Na san mutane suna jin nauyin gaya wa likita sun sayi maganin Chana. Ka faɗa kawai, faɗan da zai yi maka ba zai kai kwana uku a gadon asibiti ciwo ba.

Na huɗu, in likita ya yarda, a yi gwajin ƙoda, hanta da potasiyam kafin a fara. Wasu kan ce kuɗin gwajin ya yi yawa, alhali kwalin da suka sayo da dala ya fi shi tsada. Ƙodar mai shekara 75 ba ta tace abu kamar ta saurayi, saboda haka a fara da kaɗan, abu ɗaya tak, mutum ɗaya kuma ya riƙa bayarwa. Na fi son jika mai karatu ta riƙe littafi, ta rubuta awon hawan jini safe da yamma.

Sauran sa ido ne. Kumburin ƙafa, mutuwar jiki, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, jiri ko zubar jini, a tsayar a tafi asibiti da kwalin a hannu. A maimaita gwajin jini bayan sati biyu zuwa huɗu. Idan wata ɗaya da rabi ya wuce tsohon bai fara cin abinci da hira ba, kada a ƙara yawan maganin, a koma wurin likita. In za a yi masa tiyata ko cire haƙori, a sanar da likitan tun sati biyu kafin ranar.