Yadda ake lallaɓa ciwon muƙamuƙi na taunar haƙora a lokacin jinya

Bara da kaka masassara ta kayar da ni kwana biyar a gidanmu na unguwar Birni, a Damagaram. Ran kwana na uku na farka na nemi yin hamma, bakin ya ƙi buɗuwa. Gaban kunnuwana na zogi, gefen goshi na sarawa. Na ɗauka haƙori ne ya samu rami. Uwargida ta shigo da kunu, ta dube ni ta ce, "Malam, ai dole. Jiya kwana ka yi kana ƙaras-ƙaras da haƙora, har na zaci ɓera ne ya shiga buhun gyaɗa."

Mai taunar haƙora cikin barci bai san yana yi ba, na kusa da shi ne ke ji. Jinya kuwa tana ƙara abin: rawar ɗari tana sa a datse haƙora, toshewar hanci tana yayyanka barci, ga tunanin kuɗin magani da aikin da ya tsaya. Ɗora yatsunka a kumatu ka cije, za ka ji wata tsoka ta taso da tauri. Akwai irinta a gefen goshi. Su ne suka kwana suna aiki, tare da gaɓar da ke gaban kunne, wadda muƙamuƙi ke juyawa a kanta. Gajiya ce da targaɗe, kuma irin kulawar da ake yi wa targaɗe ita ake yi musu.

Mataki na farko, kuma wanda ba a tsallakewa: ka tabbata shi ne. Ciwon taunar haƙora ya fi tsanani da safe, ya sassauta idan rana ta yi. Galibi gefe biyu yake kamawa. Idan ka duba madubi za ka iya ganin sawun haƙora a gefen harshe ko farin layi a cikin kumatu. Jera yatsu uku a tsaye ka gwada sa su tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Lafiyayyen baki yakan ɗauke su. Idan biyu suka shiga da ɗan zafi, tsokar ce ta ɗaure.

Amma akwai cututtukan da ke shigowa da wannan kama, kuma a kansu ba a zama gashi a gida. Idan baki yana ƙara ƙullewa kullum, wuya da baya suna sandarewa, alhali cikin kwana 3 zuwa 21 da suka wuce ka taka ƙusa ko ƙaya ko ka yanke a gona, cutar sarƙe haƙora ake tsoro. Idan akwai zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, kuma haɓa ta ƙi taɓa ƙirji, sanƙarau ne abin zargi. Mu nan Damagaram mun ga ɓarnarsa a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, ba sai an ba mu labari ba. Kumburi a gefe ɗaya mai zafi, musamman wanda ke gangarowa ƙarƙashin haɓa yana hana haɗiya, ruɓar haƙori ce ta tara mugunya. Ciwon muƙamuƙi da ya zo tare da nauyin ƙirji, gumi da ciwon hannun hagu, zuciya ce. Duk waɗannan, a nemi abin hawa zuwa CSI, wato cibiyar lafiya, mafi kusa ko babban asibiti a take. Yaron da masassara ta sa ya datse haƙora yana jijjiga kuwa, don Allah kada a cusa masa cokali a baki; a kwantar da shi a gefe guda, a ruga da shi likita.

Na biyu, ka kashe wutar daga tushe. Muddin jiki na kakkarwa da dare, haƙora za su ci gaba da haɗuwa. A je a ɗiga jinin yatsa a gwada, cikin minti 15 zuwa 20 an san ko masassarar ta sauro ce. In an rubuta maka Coartem, sau shida ake shansa cikin kwana uku, kuma ya fi shiga jiki idan an haɗa shi da abu mai maiƙo. Nan ne mai ciwon muƙamuƙi ke cutar kansa: tauna na yi masa wuya, sai ya haɗiye ƙwayar da ruwa tsura. Kofin madara ko fura da nono ya wadatar.

Na uku shi ne gashi, kuma ni a ganina shi ya fi komai aiki. A ɗumama ruwa daidai yadda bayan hannu zai jure, a tsoma tsumma mai tsabta, a matse, a ɗora daga gaban kunne zuwa kusurwar muƙamuƙi. Ya huce a sake tsomawa. Minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a yini, na ƙarshe daf da kwanciya. Idan jiki ya ɗau zafi sosai, a jira ya sauka tukuna. Bayan gashin, sa yatsu biyu a kan tsokar nan ta kumatu ka riƙa murzawa a hankali, bakinka a sake. Za ka ci karo da wani ɗan wuri kamar ƙwayar wake wanda zafinsa ke harbawa har kunne ko haƙoran turmi. Tsaya a kansa ka danna kaɗan, ka yi numfashi biyar, ka saki. Ba matsa irin ta mai ɗori ba. In da man zafi za ka shafa, nesa da ido. Daga nan ka manna harshe a ganɗa, ka buɗe baki sannu iyakar inda harshen bai rabu da wurin ba, ka rufe, kamar sau shida. Hamma in ta taso, tokare haɓa da dunƙulen hannu kada bakin ya wage gaba ɗaya.

Sai abinci. Kunu, koko, fura mai ruwa-ruwa, fate, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, dafaffen ƙwai, ayaba. Loma ƙanana, a tauna ta gefe biyu. A jingine kilishi, rake, aya, soyayyar gyaɗa, busasshen dabino da cingam har mako biyu. Masu zuwa dubiya su ne matsala, don da ƙullin tsire suke shigowa, kuma ƙin ci kamar raini ne. Ka karɓa ka yi godiya, yara su more.

Mataki na biyar ya fi wuyar riƙewa domin ɗabi'a ce. Mutane da yawa ba su san cewa idan baki na hutawa, bai kamata haƙoran sama da na ƙasa su taɓa juna ba. Leɓɓa a rufe, tsakanin haƙora da ɗan sarari na milimita 2 zuwa 4. Sai wajen tauna da haɗiya suke gamuwa. Majinyaci kuwa yakan yini kwance da haƙora a cije bai lura ba. Dabarar ita ce ka sa harshe inda yake zuwa in za ka ce "na", bayan haƙoran gaba na sama, muƙamuƙi zai sauka da kansa. Ni da salloli biyar na ɗaura abin: duk sallamewa sai in tambayi kaina, a cije nake ko a sake? Tagumi ma a bar shi. Tun muna yara ake ture mana hannu idan mun yi, ashe ban da abin da tsofaffi ke gudu, yana tura gaɓar gefe guda. Haka maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa.

Da dare, shayi ne abokin gaba. Na san zaman fada ba ya daɗi sai butar shayi na kan gawayi, amma shayi mai kauri, Nescafé da goro duk suna ɗauke da sinadarin da ke hana barci nauyi, taba kuma tana ƙara taunar. Daga la'asar a tsaya. In hanci ya toshe, a yi sirace da ruwan zafi kafin kwanciya, a ɗan ɗaga kai da matashi. Kwanciyar rub da ciki tana danne muƙamuƙi. Rigingine ko gefe ya fi.

Maganin zafi: babba zai iya shan farasitamol miligram 500 zuwa 1000, da tazarar awa shida, kada ya wuce giram 4 a yini da kwana. A duba kwalin maganin mura, da yawansu akwai farasitamol a ciki, kada a ninka ba a sani ba. Ibuprofen yana taimakon gaɓa, amma ba na mai gyambon ciki ba ne, ko mai juna biyu, ko mai ciwon ƙoda, ko wanda amai da zawo suka tsotse. Tramol na masu talla a tire kuwa, ko kyauta aka ba ka, bar shi.

Idan an warware amma bayan mako biyu ciwon na nan, ko bakin haƙora ya fara lallacewa, ko ruwan randa yana sa su tsami, ko muƙamuƙi yana maƙalewa, a ga likitan haƙori. Yakan auna baki ya yi wata roba da ake sawa da dare. Ba ta hana taunar, tana dai kare haƙora daga cin juna. Ba a sa ta daren da ake amai.

Ni sai da na kwana goma sha biyu kafin yatsu ukun su shiga ba zafi. Ranar Alhamis da ta biyo na shiga kasuwar Dole na sayo kilishi, uwargida ta daka mini shi a turmi, na barbaɗa a kan shinkafa.