Dabarar kwali ga mai son rage kaya

'Yan uwa, ga dabara ga wanda ke son rage kaya amma zuciya ta ƙi saki. Duk abin da kake kokwanto a kansa, tufafi ne, takalma ko tsofaffin caja, zuba shi a kwali, ka manne bakin, ka rubuta kwanan wata a jiki. In wata 6 suka wuce ba ka nemi komai ba, ka kyautar da shi a rufe. Kar ka leƙa fa! Kana leƙawa, "ai zai yi amfani wata rana" za ta dawo. Kayan sanyi kam a ba su shekara, tunda lokacinsu zagayowa yake. Takardu masu muhimmanci ba sa shiga kwalin.