Shirin Halartar Taron Masana Kimiyya a Zanzibar

Idan kai malamin gona ne a ƙauyukan Haɗeja, aka gayyace ka taron masana kimiyya a bakin tekun Zanzibar da ke Tanzaniya, ka nemi biza da wuri, fasfonka kuma ya kasance da sauran aƙalla wata 6. Ka riƙe katin rigakafin shawara, domin ana neman sa daga matafiyan Najeriya.

Zafin can mai gumi ne, saboda haka ka ɗauki tufafin auduga marasa nauyi. Abin da na fi jaddadawa shi ne jawabinka: ka ajiye sakamakon bincikenka kan shinkafar fadama a kwamfuta da kuma a takarda, sannan ka yi ta gwada jawabin a gida har ya dace da mintunan da aka ware maka.