Yadda Ake Kallon Kunkurun Teku Yana Saka Ƙwai a Tortuguero

Tortuguero ƙauye ne a gaɓar tekun Karebiyan ta ƙasar Kosta Rika, wanda hanyar mota ba ta kai shi ba, sai jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama. A da, mutanensa kama kunkuru suke yi suna sayar da nama da ƙwai, amma tun da masani Archie Carr ya fara bincike a wurin cikin shekarun 1950, gwamnati kuma ta keɓe yankin cikin shekarun 1970, abincin ƙauyen ya koma hannun baƙi masu zuwa kallo. Shi ya sa kallon yake da ƙa'ida.

Da farko a zaɓi lokaci. Koren kunkuru, wanda shi ya fi yawa a can, yana hawowa tudu ne daga watan Yuli zuwa Oktoba, kuma da daddare.

Sai a nemi ɗan jagora mai lasisi daga cikin mutanen garin, domin a wannan lokaci ba a barin baƙo ya shiga gaɓar shi kaɗai bayan duhu ya yi. A sa tufafi masu duhu, a bar tocila da kyamara a masauki.

Mataki mafi wuya shi ne jira, kuma a ganina shi ne ginshiƙin al'amarin. Macen kunkuru idan ta fito daga ruwa a tsorace take, ta yadda ɗan haske ko motsin mutum ya isa ya sa ta juya ba tare da ta saka ƙwai ko ɗaya ba. Saboda haka ake zaunar da baƙi nesa da gaɓa, masu sintiri su riƙa lura da ita har ta gama haƙa rami da ƙafafunta na baya. Sai ta fara zuba ƙwan, lokacin da ba ta cika damuwa da abin da ke kewaye da ita ba, sannan a kira mutane kaɗan-kaɗan su matso ta bayanta, ɗan jagora ya haska musu da jar fitila. Takan saka ƙwai wajen 100, masu taushin ɓawo, sannan ta binne su ta koma teku. Kada a taɓa ta, kada kuma a tsaya tsakaninta da ruwa.

Bayan kimanin wata 2 'ya'yan ke ƙyanƙyashewa. Wanda ya yi sa'ar ganinsu kada tausayi ya sa ya ɗauke su ya kai ruwa, ya bar su su rarrafa da kansu. Hasken da ke saman teku suke bi, don haka fitilar masauki ɗaya da aka bari a kunne kan iya karkatar da su zuwa tudu, inda ƙaguwa da tsuntsaye ke jiransu.