Yadda za ka kai matsafinka mataki na 60 kai kaɗai a WoW Classic

Ba zan tsaya kan buɗe akawun ko zaɓen ƙabila ba, wanda ya iso nan ya wuce wurin. Maganata a kan Mage ce, matsafin World of Warcraft Classic, tsohon tsarin wasan da Blizzard ta dawo da shi a watan Agustan 2019, inda ake tsayawa a mataki na 60. Na sha ganin sababbin shiga suna mutuwa har su gaji kafin mataki na 20, sai su ce ai matsafi ba ya tafiya sai da rakiya, su share shi su buɗe Hunter, wato mafarauci. Alhali yawancin mutuwar nan abu biyu ne ke jawo ta, ƙarewar mana, wato man tsafi, da gudu ba tsari.

Da farko, nemi sandar tsafi. Daga mataki na 5 za ka iya riƙe Lesser Magic Wand, a 13 kuma ka canza zuwa Greater Magic Wand. Masu sana'ar Enchanting ne ke ƙera su, ana samu a kasuwar gwanjo ta cikin wasan. Ko duk abin da ke aljihunka za ta cinye, saya. Ga dalili: mana, wato shuɗin layin da ke ƙarƙashin layin jininka, shi ne man da tsafi ke sha, kuma duk lokacin da ka kashe shi sai an yi daƙiƙa 5 cur kafin ya fara dawowa da kansa. Harbin sanda ba ya cin ko ɗigo. Saboda haka in jinin dodo ya rage kamar kashi ɗaya cikin uku, daina jifa, ƙarasa shi da sanda. Kafin ka gama kwashe ganima mananka ya fara hawa. Wanda ke ƙarasa kowane dodo da Fireball, rabin wasansa a zaune yake yinsa yana shan ruwa.

Na biyu, a mataki na 10 za a fara ba ka makin gwaninta. Zuba su a ɓangaren ƙanƙara, ka fara da Improved Frostbolt, inda maki biyar ke rage rabin daƙiƙa daga lokacin haɗa Frostbolt, tsafin jifan ƙanƙara. Masu son wuta za su yi gardama, ni dai ban yarda ba. Wuta ta fi zafin duka, gaskiya ne, amma Frostbolt yana rage wa dodo gudu, kuma kai da tufa kawai ke jikinka, ba sulke ba garkuwa, tazara ce rayuwarka.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Tsaya a iyakar nisan Frostbolt, yadi 30, kuma kafin ka jefa komai juya kyamara ka duba bayanka. Ina za ka gudu? In akwai wani dodo yana kiwo a wurin, canza gefe. Sai ka fara jifa. Dodo zai taho a hankali, ka samu uku ko huɗu kafin ya iso. Yana isowa ka danna Frost Nova, ta daskarar da ƙafarsa har daƙiƙa 8, kodayake duka na iya fasa ƙanƙarar kafin lokaci.

Daƙiƙun nan su ne komai. Kada ka tsaya a gabansa kana haɗa wani tsafin, ƙafarsa aka kama, hannunsa na nan, kuma duk dukan da ya yi maka yana mayar da tsafin baya. Kada kuma ka danna S ka ja da baya, tafiyar baya ta fi ta gaba nawa sosai. Yi gefe da Q ko E, ko ka juya da linzami ka ruga taku kaɗan, ka juyo, Frostbolt ɗaya ko biyu, sai sanda.

Ni a bakin tekun Westfall na koyi wannan, a hannun murloc, kifayen nan masu ƙafa da kukan kurkure baki. Na daskarar da ɗaya, na ruga ban duba ba, na faɗa cikin bukkokinsu. Na farkon kuma da jininsa ya yi ƙasa sai ya arce ya gayyato 'yan'uwansa. Frost Nova sai bayan daƙiƙa 25 take dawowa, manana saura ƙiris. Huɗu suka rufe ni. Na yi tattaki daga maƙabarta na dawo kan gawata, na tashi a tsakiyarsu, suka sake kwantar da ni. Tun daga ranar, duk abin da na san yana gudu in ya ji jiki, murloc ne ko ɗan fashin Defias, nakan ajiye masa Fire Blast, tsafin wuta mai fita nan take, don dukan ƙarshe. In kuma biyu suka taso, ɗaya ya zama tunkiya da Polymorph, wanda ake koya a mataki na 8. Ka dai sani tunkiyar tana warkewa, don haka wanda ba ka taɓa ba za ka mayar, ba wanda ka kusa kashewa ba. In sun kai uku, gudu ba tsoro ba ne.

Zaɓi dodanni masu lamba kore ko rawaya. Wanda yake daidai da kai, kashi 4 cikin 100 na tsafinka ne ke kuskure masa, wanda ya fi ka mataki uku kuwa kashi 17 ne. Ka yi tunanin Frost Nova ta kuskure a lokacin da ka dogara da ita.

Batun kuɗi: abin hawa yana zuwa a mataki na 40, kuma zinare 100 ne har da kuɗin koyo in ba ka da rangwame. Kada ka sayi duk abin da malami ya shimfiɗa. Sabon Frostbolt da sabon ruwa dole ne, su Amplify Magic da Detect Magic su jira. Frost Nova ta farko ma ta isa, riƙon daƙiƙa 8 ɗin ɗaya ne ko ka sayi na gaba. Ruwa da abinci kai ke haɗa abinka kyauta, amma suna ɓacewa in ka fita wasan ya wuce minti 15, sai ka haɗa da zarar ka shigo. Kuma ka riƙa fita a masauki, don makin kisa ya ninka in ka dawo.

A 20 za ka samu Blink (tsalle gaba nan take) da Evocation (cika mana) da tsafin Blizzard (ruwan ƙanƙara a kan dodanni da yawa) da Teleport (komawa birni nan take), wasan ya yi sauƙi. Za ka ga bidiyon masu tara dodanni goma su kashe da Blizzard, ka bar musu tukuna sai hannunka ya faɗa. A 30 ɗauki Ice Block, a 40 Ice Barrier, duka tsafin kare kai ne da ake ɗauka da makin gwaninta. Daga nan zuwa 60 tsarin bai canza ba, sai dai in sabarka ta faɗa tsakanin 'yan wasa ce, ka rage zama a yankin Stranglethorn Vale.