Darasi na 9: Hanyoyin Binciken Ciwon Dajin Babban Hanji

Babban hanji shi ne zangon ƙarshe da abinci ke bi kafin ya fita a matsayin bayan gida. Tsawonsa ya kai kamar mita ɗaya da rabi, kuma a dubura yake ƙarewa. Ciwon daji a wannan wuri yawanci yakan fara ne da ɗan tsiro a jikin bangon hanji. Tsiron ba ya zafi, ba ya hana mutum zuwa gona, kuma yakan yi shekara 10 ko fiye kafin ya rikiɗe ya zama daji. Wannan jinkirin shi ne damarmu. Idan aka gano tsiron aka cire shi, an tare cutar tun ba ta zo ba.

Shi ya sa ake binciken masu lafiya, ba sai sun kwanta ba. A Amurka da ana farawa daga shekara 50, amma a 2021 kwamitin ƙwararru na ƙasar ya sauko da shi zuwa 45. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi wannan ciwo, ana so ya fara tun yana ɗan shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano na ɗan'uwan nasa, duk wanda ya riga zuwa.

Hanya mafi sauƙi ita ce gwajin bayan gida. Ana neman ɓoyayyen jini ne, wanda ido ba ya gani. Sabon gwajin, mai suna FIT, ɗan ƙaramin tsinke ne da kwalba: mutum ya dangwali bayan gidansa, ya rufe, ya kai ɗakin gwaji. Ba allura, ba azumi, ba tuɓe riga a gaban kowa. Tsohon gwajin kuwa yana buƙatar bayan gida har sau uku, da barin jan nama na 'yan kwanaki. A Ingila ta gidan waya ake aika wa mutane kwalbar FIT duk shekara 2.

Amma a lura, gwajin yana da rauninsa. Ba kullum tsiro ke zubar da jini ba, don haka dole a maimaita duk shekara ɗaya ko biyu. Haka kuma basur, tsutsar ciki ko jinin al'ada na iya sa a ga jini alhali ba daji. Mace sai ta yi tsarki sannan ta ɗebi nata.

Hanya ta biyu ita ce leƙa hanji da kyamara, wato kolonoskofi. Likita kan tura siririn bututu mai lanƙwasa, mai fitila da kyamara a bakinsa, ta dubura, ya bi hanjin har ƙarshe yana kallo a allo. Idan ya ga tsiro, nan take zai iya cire shi ya aika a auna. Bambancin hanyoyin biyu kamar na mai duba sawun ɓera a gindin rumbu ne da wanda ya shiga ciki da tocila.

Wahalar kolonoskofi tana ranar jajibiri. Mutum zai bar tuwo da duk abinci mai nauyi, ya sha maganin wanke ciki da ruwa mai yawa, ya yini yana zarya zuwa makewayi. In hanjin bai wanku ba, likita ba zai gani sosai ba. Ana yin allurar rage zafi da sa gyangyaɗi, saboda haka sai an je da mai rakiya. Jefi-jefi akan samu zubar jini ko hujewar hanji, amma ba kasafai ba. Ga kuɗi, ga kuɗin mota, domin sai a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ake yi. Daɗinta shi ne, in an ga hanji lafiya lau, sai bayan shekara 10 a sake.

Akwai gwajin da ake leƙa ƙasan hanji kawai, akwai kuma hoton na'urar CT, mai ɗaukar hoton cikin jiki daga waje. Kowannensu duk shekara 5 ne, kuma in an ga tsiro a hoton sai an koma ga kyamara.

Ga mutumin ƙauye mai lafiya, a ganina gwajin bayan gida ne ya fi dacewa a fara da shi. Sai dai da sharaɗi: in aka ga jini, tilas a je a yi kyamarar. Wanda ya karɓi sakamako ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya yi asarar kuɗinsa.

Wanda kuma yake ganin jini da idonsa, ko yake ramewa ba dalili, ko bayan gidansa ya sauya na makonni, yau zawo gobe taurin ciki, ko aka ce jininsa ya yi ƙasa, ya wuce matakin tsinke da kwalba. Mu nan komai sai a ce basur ne ko atini, a sayi jiƙo a kasuwa, a yi ta sha wata da watanni. Mai irin waɗannan alamu, ko shekarunsa 30 ne, ya je wurin malamin asibiti ya faɗi komai ba kunya, ya nemi takardar tura shi babban asibiti.

Aikin aji: Kowa ya rubuta shekarunsa a littafinsa, ya rubuta ko akwai wanda ya taɓa yin ciwon hanji mai tsanani a gidansu. Sannan ku tattauna: idan gwajin bayan gida ya nuna jini, mene ne mataki na gaba?