Yadda ake sa sauti ya tashi daga kunnen hagu ya koma na dama a Audacity

Masu haɗa wasan kwaikwayo na rediyo da masu karanta littattafai a YouTube sukan so mai sauraro ya ji ƙarar babur ta taso ta hagu, ta gifta gabansa, ta ɓace ta dama. Audacity, manhajar gyaran sauti ta kyauta da ta fara fitowa a shekarar 2000, tana iya wannan aiki, sai dai ba ta da maɓalli guda da zai yi maka shi. Sandar L (hagu) da R (dama) da ke gefen kowane layin sauti wuri ɗaya take ajiye sautin, tun daga farkon layin har ƙarshensa. Kai ne za ka ƙirƙiri tafiyar: hagu tana dusashewa, dama tana tasowa.

Da farko sanya iyafis a kunnuwa biyu, domin da lasifikar kwamfuta ba za ka ji bambancin sosai ba. Shigo da ƙarar babur ɗin ta File, Import, Audio. In ta zo da zane biyu, sama da ƙasa, sitiriyo ce, sai ka mayar da ita layi guda ta Tracks, Mix, Mix Stereo Down to Mono.

Zaɓi layin duka ka danna Ctrl da D, za a ba ka kwafinsa a ƙasa. Ja sandar layin sama har ta ƙure a L, ta layin ƙasa kuma ta ƙure a R. Kada ka goce da ɗayansu ko kaɗan, dole su fara a lokaci guda.

Yanzu haska wurin da kake so tafiyar ta faru, misali daƙiƙa 4, a layin sama kaɗai. Shiga Effect, Fading, ka zaɓi Fade Out. Haska daidai wannan wuri a layin ƙasa ka zaɓi Fade In. Abin da ya rage a layin sama bayan dusashewar, da abin da ya gabaci tasowar a layin ƙasa, haska su ka danna Ctrl da L su yi shiru. In ka manta da wannan, babur zai sake faɗowa kunnen hagu bayan ya riga ya wuce.

Saurara da kyau, za ka ji ƙarar ta ɗan lafa a tsakiya, alhali nan ne babur ya fi kusa da mutum. Dalili shi ne Fade In da Fade Out a miƙe suke tafiya, a tsakiya kowane ɓangare yana kan rabin ƙarfinsa, jimillar kuwa tana raguwa da kimanin desibel 3 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). Maganinsa a ganina ya fi hanyar farko kyau. Koma baya da Ctrl da Z har kafin ka sa Fade ɗin, haska wurin a layukan biyu tare, ka zaɓi Crossfade Tracks. A Fade type ɗauki Constant Power 1, a Fade direction kuma Alternating Out / In, wato na sama ya sauka, na ƙasa ya hau. Sai ka sake danna Ctrl da L a wuraren da ka sa shiru a baya. Ƙarar za ta riƙe ƙarfinta har ta tsallaka.

Saura farko da ƙarshe. Sa Fade In a daƙiƙa 2 na farkon layin hagu don babur ya taso daga nesa, da Fade Out a ƙarshen layin dama. Kiɗan rufe shiri kuwa Studio Fade Out ya fi dacewa da shi, domin yana rage kaifin sautin yayin da yake dusashewa. Duk inda ka yanka kana jin "ƙas", ƙara girman zanen ka sa ɗan gajeren Fade a bakin yankan.

Muryar mai ba da labari ka bar ta a tsakiya, wannan ina jaddada shi. Yawancin masu sauraronmu da lasifikar waya ko ƙaramar rediyo suke ji, wasu kuma iyafis ɗaya suke maƙalawa suna aikinsu. Wanda ya sa na dama kaɗai ba zai ji kalma ko ɗaya daga abin da ka tura hagu gaba ɗaya ba. In mutum biyu ne ke zance, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 hagu da dama ya wadatar.

Wajen fitarwa, shiga File, Export Audio, ka tabbata Stereo ka zaɓa a Channels, in ba haka ba duk tafiyar za ta dunƙule a tsakiya. Tura fayil ɗin wayarka, ka saurare shi da iyafis, sannan da lasifika, kafin ka sake shi.